Rigunan da Ba a Wanke Ba

Tun da na ajiye aikin jinya na dawo gida Zuru, babu abin da ya riƙe hannuna kamar ɗinkin bargon ƙyallaye. Ba sana'a ba ce, ban taɓa sayar da ko ɗaya ba. Guntayen atamfa da yadi nake tarawa daga wurin teloli, in yayyanka su daidai wa daida, in haɗa su su zama shimfiɗa guda, in sa auduga a tsakiya da shafi a baya, sannan in bi duka da allura har su kama juna. Bargo ɗaya yakan ci mini damina sukutum.

Marigayi mijina soja ne, don haka na sha zaman bariki: Kaduna, Ibadan, Inugu. Da aka tura shi kwas Indiya na bi shi, a can na fara ganin wannan aiki. Matan unguwar da muka zauna sukan jera tsofaffin zannuwansu da suka yi laushi, ɗaya kan ɗaya, su bi su da farin zare, ba su yanka komai. Bayan shekaru da yawa na je renon jika Amirka, matan cocin 'yata suka ba ni mamaki. Sabon yadi dal suke saya a kanti, su yi gunduwa-gunduwa da shi, su sake haɗawa. Na ce a raina, a Zuru da tuni an fara yi wa mutum addu'a. Amma a wurinsu na koyi awo da yanka, a wurinsu kuma na ɗauko ƙa'idar da ban taɓa karyawa ba: kowane ƙyalle sai an wanke shi kafin almakashi ya taɓa shi. Wani yadin yana zuba, wani yana tsukewa idan ya ji ruwa. In ka haɗa su ba wanki, ranar da bargon ya shiga ruwa jan zai malale cikin farin, wani gefen ya tattare ya ja ɗan'uwansa, aikin wata da watanni ya karkace.

Ina da ɗan aji a barandar gidana a unguwar Rikoto, ranar Talata bayan rana ta yi sanyi. A da sai an aro benci daga maƙwabta. Yanzu an ragu ƙwarai. Wasu sun bi 'ya'yansu Kwantagora da Minna tun da hanyoyi suka lalace, wasu mun raka su makwanci, wasu kuma gidajensu sun cika da dangin da suka gudo daga ƙauye, ba su da sauran lokacin allura. Wadda ba ta fashi ita ce wata Inyamura mai surutu, matar mai shagon yadi a kasuwa, wadda ta fi shekara tana bargo ɗaya ba ta kai rabi ba.

Ita ce ta kawo mini wata mata wata Talata. Ta ce a bakin shagonsu ta same ta tana kallon ƙyallayen da aka share.

"Mama, ga sabuwar ɗaliba. Ba ta magana, sai ku huta da ni."

"Da ke za mu huta? Sai dai in an ɗinke bakin," na ce.

Matar ba ta yi dariya ba. Yarinya ce a idona, ba ta wuce sa'ar 'yata ta ƙarshe ba. Na gaishe ta da C'lela, yarenmu na Zuru, ta ɗago kai ta amsa, na ji harshenta na mutanen wajen Bena ne. A hankali labarin ya fito. 'Yan bindiga sun sami mijinta a gonar dawa. An binne shi a gurguje, washegari ƙauyen ya watse. Ita da yaranta suna raɓe a ɗakin wata gwaggonta a nan cikin gari. Ta kwance ƙunshin da ke cinyarta, sai ga rigunan mijin: shuɗiyar shadda ta zuwa coci, wata ja ta gwanjo, da rigar gona da ta sha maho.

"Shekarun da ya yi yana golmo a gonar babana, da irin wannan yake zuwa," ta ce, tana shafa ta gonar. Golmo shi ne noman da saurayi yake yi wa iyayen yarinya a wurinmu kafin a ba shi ita. "Ina so in yi abin da zan rufa da shi."

Na ce mata abu ne mai yiwuwa, za mu ƙara da ƙyallayena don ya kai. Na ce ta fara wanke su, ta sa ɗan gishiri a ruwan jar.

Ta tattare rigunan ta rungume.

"Mama, ba za a wanke ba."

Na yi mata bayanin zuba da tsukewa, har na ɗauko wani tsohon bargo da ya lalace na nuna mata. Ta saurara har na gama. Sannan ta miƙo mini rigar gonar, ta ce in shinshina wuyan. Gumi ne, da hayaƙin itace, da ɗan sauran taba. Na yi shekaru a asibiti, na ga yadda mata suke karɓar kayan mamaci su kai hanci kafin su kai ido. Na mayar mata da rigar.

Inyamurar ce ta yi magana, muryarta a ƙasa, abin da ba halinta ba. "Mama, bar ta. Wa ya ce dole a wanke bargo? Nawa ma ba zai ga ruwa ba, don ba zan gama shi ba sai Yesu ya dawo."

Haka muka fara. Na koya mata farke ɗinki ba tare da yage yadi ba, da zana layi da alli, da barin ɗan baki don haɗi. Hannunta na noma ne, allura ta yi mata ƙanƙanta, amma ba ta gajiya. Ta ƙi yarda a sa dutsen guga, ta ce zafi zai kori ƙamshin mijin. Da farce take danne kowane haɗi. Keken ɗinkina ma ta gwada sau ɗaya ta bari, ta ce warin mai yake yi. Komai da hannu. Takan yanka guntu, ta kai hanci, ta ajiye, ta ɗauki na gaba.

Damina ta yi nisa, shuɗi da ja suka fara jeruwa tsakanin ƙyallayena masu fure. Ba laifi, ya yi kyau. Amma na lura shinshinawar tana ƙara tsawo. Wata Talata ta kifa fuskarta a kan abin da ta haɗa, ta daɗe, ta ɗago.

"Mama, kina sa turare a ɗakin da kike ajiye shi?"

"Kafur ne kawai a akwati, saboda asu."

"Shi nake ji. Da sabulunki. Da hannuna."

Na fitar da aikin daga akwatin na rataye shi shi kaɗai. Ta koma ɗinki a gindin mangwaro, nesa da mu, ta riƙa wanke hannu da ruwa zalla kafin ta fara. Duk bai hana ba. Na san ba zai hana ba. Yadin da aka farke, aka yanka, aka yi ta juyawa a hannu mako bayan mako, iska tana shiga ta kowane gefe, ba ya riƙe abin da ke cikinsa. Matan Indiya da ba su yanka zannuwansu wataƙila sun fi mu sanin wannan. Kowane ɗinki da ta yi don ta ajiye shi, ɗauke mata shi yake yi kaɗan-kaɗan.

Bayan rigar gonar ne kaɗai ya rage ba a yanka ba, har da wuyan. A nan ne za a fitar da guntayen da za su cike layin ƙarshe. Ta riƙe shi, ta dubi bargon, ta dubi rigar.

"In na yanka wannan, shi ke nan."

"'Yata, ba dole. Ina da yadi mai kama da shi."

"Mai kama da shi ba shi ba ne."

Ta naɗe shi ta sa a leda, ta ƙulle bakin tam, ta sake sawa a wata ledar. Na ce mata leda da damina ba sa shiri, gara ta naɗe a takarda. Ta ce takarda tana shan iska. Ta tafi da ƙunshinta, ta bar mini bargon da gefe ɗaya a buɗe.

Ba ta dawo ba har aka fara yankan dawa. Inyamurar takan kawo labarinta: tana surfe a gidajen mutane, ƙaramin yaron ya yi zazzaɓi ya warke, ɗakin gwaggon yana yoyo. Ni kuma na ci gaba da nawa bargon, wani mai taurari da na fara don jikata, amma idona ya fara gardama da ramin allura, sai an zura mini zare. Wasu ranakun mu biyu ne kawai a barandar, ita tana surutu, ni ina farke abin da na ɗinka jiya.

Ranar da ta dawo, ta rame. Ta gaishe ni, ta zauna a bakin benci, ta kwance leda ta farko, ta kwance ta biyu. Tun kafin ta fito da rigar warin ya iso ni. Funfuna ta yi mata ɗigo-ɗigo baƙi daga wuya har ƙasa.

Ta kai hanci duk da haka. Ta juya wuyan, ta gwada ta ciki, ta gwada wurin hammata.

"Babu," ta ce.

Can Inyamurar ta matsa ta dafa kafaɗarta. "Ƙanwata, sannu."

"Na daina buɗewa ne don kada ya fita. Ashe yana ciki yana ruɓewa."

Na ce funfunar za ta ragu in an jiƙa da lemun tsami aka shanya a rana, ko da tabon ba zai fita duka ba. Ta gyaɗa kai. Ta tashi da kanta ta ɗauko bokiti a bayan ɗaki, ta ja ruwa a rijiya. Ban taɓa ganin an wanke guntun riga a hankali haka ba. Ruwan ya yi baƙi, ta zubar a gindin mangwaro, ta sake jawo wani.

Talatar da ta biyo baya ta yanka shi, ta cike layin. Mun sa auduga da shafi, ta bi shi da allura har sanyi ya shigo. Da ta gama ta ninke shi ta ɗora a kai, ba ta shinshina ba. Na tambaye ta ko za ta fara wani, ga ƙyallaye nan jibge.

"A'a, Mama. Yara ne za su rufa da wannan. Ɗakin akwai sanyi."