Nafi'u Ƙara-Wuta da Jiƙaƙƙen Buhu

A Magariya idan ka ce kana neman Nafi'u, sai a tambaye ka wanne. Idan ka ce Nafi'u Ƙara-Wuta, har mai tsiren bakin tasha zai nuna maka shagonsa da tsinke, ya bi ka da dariya. Sunan ba na jiya ba ne, kuma shi da kansa yana jin daɗinsa, don a ganinsa kirari ne.

A Waca aka haife shi, gidan Malam Kolo mai tufka. Duk igiyar gugan da ke rijiyoyin unguwarsu daga hannun tsohon nan ta fito. Nafi'u ya gaji hannun, wannan kam ba a hana shi, yana tufka kamar ana zana kitso. Abin da bai gada ba shi ne haƙurin uban. Tun yana saurayi ba ya iya ganin abu yana aikinsa lafiya ya ƙyale shi. Yana da shekara goma sha biyar aka ba shi san noma ya yi huɗa, ya riƙe shi tun hantsi har azahar ba sassauci, sai da dabbar ta durƙusa a tsakiyar gona. Da aka tambaye shi ya ce dama san malalaci ne. Da ya shigo Magariya ya kama kabu-kabu, ya ɓalle injin babur ya yi masa wasu ƙulle-ƙulle wai don ya riƙa wuce motocin Dungas. Ya wuce su kuwa, na sati biyu. Ran da injin ya buga, ya turo babur da ƙafa yana cewa ƙarfen banza ne. A duk tsawon rayuwarsa Nafi'u bai taɓa ɓata komai ba, kaya ne kullum suke cin amanarsa.

Daga baya ya buɗe shagon tura fina-finai da waƙoƙi a katin waya. Sana'ar ta karɓe shi, ya yi aure, ya yi tumbi kaɗan. Da wani ne sai ya gode wa Allah ya zauna. Shi kuwa sai ya ga tsohuwar kwamfutar cinya da yake aiki da ita ta yi masa kaɗan, ya ce zai harhaɗa tasa da hannunsa, irin wadda ba a taɓa gani ba daga nan har Damagaram.

Wata uku Laminu direba yana kawo masa kaya daga Kano ɗaya bayan ɗaya: yau akwati mai gilashi a gefe, gobe babban allo, jibi ƙwaƙwalwar na'urar a cikin 'yar leda. Ranar haɗawa ya kira Dikko, wanda ke gyaran na'urorin lekol da na meri, wato makaranta da ofishin magajin gari, mutum mai ƙarancin magana. Dikko ya ɗora ƙwaƙwalwar, ya shafa mata mai, ya ɗaura fanka a kanta, sannan ya nuna wayoyin da suka yi cirko-cirko a ciki.

"Waɗannan ka kwantar da su ta baya," ya ce, "ka bar wa iska hanya."

"Ta baya? Wa zai gan su a can?" in ji Nafi'u.

Sai ɗan mai tufka ya tashi. Ya tattara wayoyin nan baƙi da ja da rawaya, ya tufke su igiya guda mai kauri, ya rataya kanta a ƙarƙashin rufin akwatin, ta sauko ta tsakiya ta bi ta jikin faifan da ake adana komai, ta ƙare a tukunyar wuta da ke ƙasa. Gaskiya ta yi kyau. 'Yan fadarsu, masu shan shayi a ƙofar shagon, suka riƙa leƙawa ta gilashi suna jinjina kai, shi kuma yana tsaye a gefe da hannu a ƙugu kamar shi ya ƙirƙiro kuran, wato wutar lantarki. Dikko ya dubi igiyar, ya dubi mai ita, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

A kwanakin nan ne Gwaggo Barira ta zo. Ƙanwar Malam Kolo ce, tana zaune a Waca, tana kawo ƙuli-ƙuli kasuwa. Ɗanta na fari, Salim, ya tafi Aljeriya aikin gini shekara biyar da suka wuce, ya faɗo daga bene, aka binne shi can. Ba ta ga gawa ba, ba ta san inda kabarin yake ba. Abin da ya rage mata shi ne saƙonnin murya arba'in da ɗaya da ya riƙa aikowa ta wayar wani maƙwabci, aka juye mata a kati. Wayar maƙwabcin ta daɗe da ɓata, ga ta Gwaggo ma yanzu ta mutu. Ta kwance gefen mayafinta, ta fito da katin da bai kai farcen yatsa ba.

"Muryar yaron nan ce a ciki," ta ce. Ɗan fari ne, don haka tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kiran sunansa ba, ko bayan rasuwarsa.

"Gwaggo, kin zo inda ya dace," in ji Nafi'u. "Kati abin banza ne, yau yana nan gobe ya mutu. Wannan na'urar kuwa ko jikokinki za su ji shi a ciki. In an kwana biyu zan samo miki sabuwar waya in zuba miki."

Ya juye saƙonnin cikin kwamfuta, ya kunna mata ɗaya. Muryar Salim ta cika shagon: "Inna, ina kwana? Nan sanyi ake yi, na sayi bargo." Gwaggo ta sunkuyar da kai, ta saurara har ƙarshe, ta sa aka maimaita. Daga ranar, duk ranar kasuwa in ta tashi daga ciniki da la'asar sai ta zo ta zauna a benci a kunna mata uku ko huɗu.

Katin fa? Kwana biyu da zuwanta wani makiyayi ya shigo neman fim ɗin Indiya, katunan shago sun ƙare. Nafi'u ya jawo aljihun tebur, ya ga na Gwaggo, ya goge shi tas, ya cika shi da rawa da waƙa ya miƙa. Bai ma ji komai a ransa ba, ai abin yana cikin na'ura. Daga wannan rana duk duniya ba inda muryar Salim take sai cikin akwatin nan mai gilashi. Sabuwar waya kuwa kullum sai mako mai zuwa.

Ana nan sai tsohon ciwonsa ya motsa. Ya ga wani Bature a bidiyo yana bayanin yadda ake tilasta wa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi gudu fiye da yadda aka ƙera ta. Baturen yana sanye da rigar sanyi, amma Nafi'u bai lura da wannan ba, shi da ke cikin zafin watan Afrilu a shagon kwano. Ya shiga cikin saitin, ya ɗaga lamba, ya ƙara mata wuta. Fim ɗin da take sarrafawa a minti goma ya koma takwas. Minti biyun nan, da bai san abin da zai yi da su ba, ya yi shelarsu a duk tasha.

Na'ura ta fara huci. Fankar ta riƙa kuka kamar injin niƙa, awon zafi ya haura digiri casa'in, da azahar sai ta ɗauke da kanta. Ya kira Dikko.

"Mayar da ita yadda take," Dikko ya ce. "In ba za ka iya ba, ka sayi babbar fanka, ka kwance igiyar nan. Kafin nan ma, kwashe kayan mutane daga ciki."

"Taka minti nawa take yi?"

"Goma sha biyu. Shekararta shida."

Da Dikko ya fita, Nafi'u ya gaya wa 'yan fada cewa hassada mugun ciwo ce. Babbar fanka sai an jira Laminu, shi kuwa jira ba ya cikin halittarsa. Yana zaune yana fifita da kwali sai idonsa ya faɗa kan jarkar ruwan mai shayi, wadda aka naɗe da buhun algarara aka jiƙa. Kowa a ƙasar nan ya san wannan dabarar, iska ta busa, ruwa ya yi sanyi kamar na randa. Murna ta kama shi. Turawa da duk iliminsu ba su gano abin da ke ƙofar shagonsa ba!

Ya samo buhu, ya jiƙa, ya matse, ya lulluɓa a kan akwatin, ya bar gefen gilashi a buɗe don kada a rasa kallon igiya. Abin haushi, dabarar ta yi aiki. Zafi ya sauka da digiri takwas. Kwana biyu Nafi'u yana yawo da buta a hannu, yana yayyafa wa buhu ruwa yana ba 'yan fada darasi. Har ya fara tunanin ya ɗauki abin a bidiyo duniya ta amfana.

Rana ta uku ranar kasuwa ce, shago ya cika, zafi ya kai inda ya kai. Buhun yana bushewa kafin a juya. Da ya gaji da yayyafi, sai ya karkata butar ya tsiyaya sosai. Ruwa ya ratsa buhu, ya bi ta ramukan iska na rufin akwatin, ya ɗiga a kan igiyar. Duk wanda ya taɓa jan guga ya san ruwa igiya yake bi har ya jiƙa maka hannu, balle wanda ya girma a gidan Malam Kolo. Ɗigon ya bi tufkar nan mai kyau, lanƙwasa bayan lanƙwasa, ya sauka a kan faifan, ya wuce tukunyar wuta. Aka ji fat! Allo ya yi baƙi, warin ƙonanniyar roba ya kori mutane waje.

Dikko ya zo, ya kwance faifan, ya kai shagonsa ya gwada, ya dawo da shi a tafin hannu. Gefensa ɗaya ya zama gawayi.

"Fina-finai ka sake samowa," ya ce. "Amma abin da ke cikin wannan ya tafi. Ko Kano ka kai shi, ba mai dawo da shi. Ka kwashe kayan mutanen?"

A lokacin ne Nafi'u ya tuna yau ranar kasuwa ce, ranar zuwan Gwaggo.

Ana idar da la'asar Gwaggo ta iso, da ragowar ƙuli-ƙuli a leda ta kawo wa matarsa. Ta yi sallama, ta zauna a bencinta, ta gyara mayafi. Sai ta ga akwatin a buɗe a ƙasa, buhu a gefe yana ɗiga, igiyar tana reto.

"Lafiya, ɗana?"

"Gwaggo, na'urar ce ta ƙone. Kin san kayan yanzu, duk na ban..." Kalmar da ya saba faɗa duk lokacin da ya ɓata abu ta ƙi fita. Kunya da tsoro suka rufe shi, irin waɗanda bai taɓa ji ba.

Gwaggo ta dubi akwatin. Tausayinsa ma ta ji, ganin yadda ya yi zuru-zuru.

"Kada ka sa wa ranka damuwa, ƙarfe ne, Allah zai mayar maka," ta ce. "Ba ni katin Salim in tafi da shi, na samu wani ya kunna mini."

Tun da Nafi'u yake bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai yau. Ta kwance gefen mayafinta, ta shimfiɗa shi a tafin hannu, ta miƙo masa tana jira.