Saifar Hauwa

A Makera na girma, a hannun kakata, Iya mai ƙosai. Da magariba in ta sauke kasko, garwashin namu ne. Mu kewaye murhu, ita kuma ta miƙe ƙafa tana kukan gwiwa, sai mun sha roƙo kafin ta ce, "To ga ta nan. Wanda ya yi gyangyaɗi ba na maimaita masa."

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan ba mu, ni kuwa haushinta nake ji don babu waƙa a ciki. Wata mata ce duma ya tsiro a cikin ɗanta. Boka ya ba ta zare, ya ce kullum da safe ta zagaya cikin da shi, ranar da zaren ya kasa haɗuwa ta kawo yaron a guje. Ranar ta zo, tsoro ya kama ta, sai ta ƙulla wani zaren ta ƙara tsawo. Washegari ma haka. Yaron bai ga sallah ba.

"Wawiya ce," muka ce.

"Uwa ce," in ji Iya. "So take a ce lafiya."

Yau 'yata Hauwa, mai shekara shida, tana kwance a wani asibiti a Barnawa. Sikila gare ta. Likita ta koya mini laluben saifarta a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, in ƙirga da yatsu iya inda ta sauko, in ta ƙaru in kawo ta nan take. Wata uku ina cewa yatsa biyu. Na san ta wuce haka. Karkata hannu nake yi don kada na ukun ya taɓa.

Shekaranjiya aka yi mata hoton ciki. Saifar ta kusa kai cibiya, kuma a cikinta jinin Hauwa yake taruwa. Cirewa za a yi, in jikinta ya iya ɗauka. Wallahi tsoro nake ji, addu'a ma ta ƙi fita daga bakina. Sai yanzu na gane Iya ba yara take ba wa tatsuniyar nan ba, matan da za mu zama take yi wa magana.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne lokacin da mai hoton ya dasa alama biyu a allon na'ura, ya ja layi tsakaninsu, ya karanta tsawon. Ya juyo ya ce, "Hajiya, tun yaushe ta kai haka?"

Kafin in buɗe baki Hauwa ta ɗago kai, ranta a ɓace.

"Injinku ne ya lalace. Yau da safe ma Mama ta auna."