Hoton da Ke Jikin Lasisin

Ku matso kusa, jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, babu Gizo a cikinta sai ni.

Dillanci ne ya riƙe ni a Alƙahira bayan rasuwar maigidana. Daga unguwar Ard al-Liwa nake ɗaukar ƙullin atamfa da turaren wuta in zaga gidajen matanmu, har na Zamalek. An yarda da ni, har uwar ɗaka ake shigar da ni. Da ƙanƙanin abu na fara: in sayar da zobe da daraja, in ce wa mai shi kasuwa ta faɗi. Daga nan na koma karɓar kayan da ban tambayi asalinsu ba. Duk wanda ya tsare ni da tambaya, garkuwata ɗaya ce: ni ban yi karatu ba.

Wata rana Hajiya Rabi ta Hayyin Ashir ta aika aka kira ni. Mijinta ya rasu ya bar bindigar farauta mai rajista da sunansa. Ɗanta Bashir, ɗalibi ne, ya ce a miƙa ta ga hukuma, ko a kira mai shagon makamai mai lasisi ya karɓa a rubuce. Ita kuwa tana takaba, ga tsoron ofis. Na ce ta bar mini, na san mutum. Ta riƙe hannuna ta ce, “Yaya, ki tabbata mai lasisi ne.” Na rantse mata.

Sabri ake ce wa mutumin. Tun daga bakin shagonsa jikina ya ba ni. Ta ƙofar baya ya shigar da ni, ya saki labule, bai ko taɓa biro ba. Da na tambayi lasisi, sai ya zaro wata takarda mai hatimi daga ƙarƙashin tebur, babban yatsansa a kan hoton. Yatsan ya ɗan zame, na hango tsoho mai furfura, alhali shi ko gemunsa bai cika ba. Ya ga na gani. Ya yi murmushi, ya ƙara mini kuɗin da ban nema ba.

“Khalas, ya hajja?”

Na ce khalas, wato shi ke nan.

Ba a jima ba aka yi fashi da bindigar, aka harbi wani mai kanti. Lambar jikinta ta kai ’yan sanda gidan mamacin, suka tafi da Bashir. Hajiya Rabi ta zo ƙofata ba ko takalmi, ta roƙe ni in faɗi inda na kai ta. Na ƙi faɗa, har sai da ’yan sanda suka zo suka tafi da ni.

A gaban alƙali, da aka kawo Sabri da lasisin nan, na sake ɗaga tsohuwar garkuwata. Ya dube ni, tafinta ya juya mini maganarsa: “Karatu ne ba ki yi ba. Fuska fa, ita ma ba kya ganewa?”

Jikokina, makami ba zobe ba ne. In ya faɗo hannunku, ku kai takardar mai saye gaban hukuma ta tabbatar, a rubuta, a sa hannu. In kuma zuciya ta ce muku a’a, kada ku bar kuɗi ya ce muku i.

Sabri dai yana ɗaure har yau. Mai kantin ya rayu, da sanda yake tafiya. An saki Bashir, amma karatunsa ya watse. Ni na ci shekaruna a kurkuku, na tuba ga Allah, aka sa ni a jirgi zuwa gida. Hajiya Rabi kuwa ta rasu kafin in fito. Gafarar da na tanada zan roƙe ta, tana nan a bakina har yanzu.