Tarihin Mai Makulli da Ranar da Aka Bar Ƙofar Ruwa a Buɗe

Haihuwa da karatu

An haifi Mai Makulli ranar Laraba da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, a shekarar 1952, a wani gari da ke gaɓar kogi. Mahaifinsa masunci ne, mahaifiyarsa mai saƙar tabarma. Ya yi karatu gwargwadon hali, ya iya rubutu da lissafi, dalilin da ya sa manoman rani suka damƙa masa makullin ƙofar ruwa lokacin da aka gina madatsa a 1979.

Aiki

Ƙa'idarsa ɗaya ce: a buɗe ƙofa da fitowar rana, a rufe da zarar ruwa ya sauko kan jan layin da ya shata a bangon madatsa, domin abin da ke ƙasan layin haƙƙin masu gonakin ƙarshen kwatar ban-ruwa ne. Shekara talatin da takwas bai ƙetare layin ba. Surukinsa ya taɓa roƙon ƙarin rabin sa'a, ya amsa masa da cewa, "Baba, makulli aka ba ni, ba kogi ba."

Iyali

Ya yi aure a 1981, Allah Ya azurta shi da 'ya'ya biyar. Autansu, wanda ya bar makaranta tun yana aji biyu, ya taɓa ɗinki, ya taɓa kanikanci, bai zauna ko'ina ba, shi ne mai wannan rubutu.

Shekarar 2017

A tsakiyar bazara ciwon ƙafa ya kwantar da shi, sai ya miƙa wa autan makulli na yini ɗaya, ya ce, "Auta, ido kan layi, ba kan hanya ba." Autan ya buɗe ƙofa, wani abokinsa ya tsaya da babur ya ce ana ɗaukar ma'aikata a tasha, autan ya hau da niyyar dawowa cikin sa'a guda. Bai dawo ba sai bayan la'asar, ya tarar da laka tana ƙyalli a gindin madatsa. Gonakin sama sun nutse, na ƙasa kuma suka yi kwana goma sha ɗaya babu ɗigo.

A taron manoma, Mai Makulli ya miƙe bisa sanda ya ce, "Ni na manta. Tsufa ne." Ya ajiye makulli a kan tabarma. Autan yana tsaye a bayansa.

Rasuwa

Mai Makulli bai ƙara bin hanyar madatsa ba, bai kuma taɓa tayar wa ɗansa da zancen ba, har ya rasu ranar Litinin cikin damina, a 2019. Masu gonakin ƙarshen kwata su suka ɗauki makararsa. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mata biyu. Allah Ya jiƙansa.

Abin da ya salwanta a wancan yinin: albasa fangali sittin da huɗu, tumatir fangali arba'in, noman gidaje tara, da sunan mutumin da bai taɓa yin mantuwa a aikinsa ba.