Dutsen da Arvo Bai Sa wa Suna Ba

Yayana Arvo Rautio ya shekara arba'in da shida yana kai baƙi kamun kifi a tafkinmu, nan arewacin Minnesota, kuma ban taɓa jin ya faɗa wa wani gaskiyar inda ya kamo kifi ba. In ya dawo da yamma aka tambaye shi a ina aka dace, sai ya ce a ruwa. In mutum ya matsa, ya ce a leɓe ƙugiyar ta kama shi. Ni ce mai shagon bakin matsayar jiragen ruwa, ina sayar da tana da matsattsaku da ƙananan kifayen da ake saƙala wa ƙugiya, don haka yawancin ƙaryar nan a gabana ya shirga ta, ni kuwa ina gyaɗa masa kai.

Kifin da ake kira wolai kaɗai yake nema. Sauran kifaye a wurinsa ɓata lokaci ne. Yakan ce wolai kifi ne mai kunya, fararen idanunsa ba sa son rana, shi ya sa yake lafewa a ƙasa jikin duwatsu, kuma ba ya fizgar zare irin na kifaye marasa tarbiyya. Ɗan taɓi kawai za ka ji, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Saboda haka kullum zaren fatsa yana kan ɗan yatsansa manuni, kuma in ya ji taɓin sai ya ƙirga uku kafin ya ɗaga sanda. Ranar da tafki ya kwanta lif babu iska, ba ya fita. Sai ya zo shagona ya zauna yana shanye mini gahawa yana kushe ta.

Ƙugiyoyinsa ma shi yake haɗa abinsa. Ya narka dalma a wata tsohuwar tukunya, ya zuba a kan ƙugiyar ta yi kai kamar gyaɗa, ya ɗaure mata gashin wutsiyar barewa, sannan ya shafe kan da jan farcen matarsa Darlene. Bayan rasuwar Darlene bai daina ba. Duk bazara sai ya je kanti ya sayo irin wannan launin, 'yan matan kanti suna tsokanarsa wai ko an samu sabuwa ne, shi kuma ya ce musu e, tana ƙasan ruwa. Jirginsa tsohon jirgin alminiyom ne mai ɗan ƙaramin inji, kuma da baya yake tuƙa shi in yana farauta, don ya riƙa tafiya a hankali kamar mai raka makaho. Gwangwanin fenti da aka cika da siminti shi ne abin tsayar da jirgin. Ba shi da na'urar hango ƙasan ruwa. In yana so ya san abin da ke ƙasa, ya saki dalma ta taɓa, hannunsa ya gaya masa laka ce, yashi ne, ko dutse.

Duk dukiyar Arvo a duniya wani dutse ne a ƙarƙashin ruwa. Yana can tsakiyar tafki inda kowa ya ɗauka laka ce zalla, faɗinsa bai wuce falon gida ba, kuma manyan wolai suna taruwa a kansa tun daga narkewar ƙanƙara har ta sake daskarewa. Babanmu Toivo ne ya gano shi. A gidanmu ba a taɓa sa masa suna ba, sai dai a ce «can». Baba yana ganin in aka sa masa suna, wata rana bakin wani zai suɓuce a mashaya.

A wurin masu kamun kifi na nan, ba a ba wa mutum wuri da baki. In kana so ka gadar wa wani, sai ka kai shi sau ɗaya, ka tsayar da jirgi, ka yi shiru. In mai hankali ne zai ɗaga kai ya ga inda kake kallo. Haka Baba ya yi wa Arvo yana da shekara goma sha tara. Ya kashe inji, ya kunna lofensa, ya ƙura wa gaɓa ido. Arvo ya bi idonsa ya ga bishiyar da tsawa ta ƙone a tsibiri ta saitu da hasumiyar cocinmu, ya waiga ɗaya gefen ya ga tankin ruwan gari ya zauna daidai tsakanin tuddai biyu. Inda layukan nan biyu suka haɗu, nan dutsen yake. Har Baba ya mutu ba su taɓa yin maganar ba. Yau ina iya rubuta wannan ne kawai don babu sauran abin ɓoyewa.

Irin yadda ya tsare wurin nan, ko 'yarsa bai tsare haka ba. Ba ya kai baƙo can sai ranar da ko'ina ya ƙi, kuma sai baƙon da ya tabbata bai san gabas da yamma ba, bayan ya yi ta kewaye tsibirai da shi har kansa ya juye. Kifi huɗu matsakaita yake ɗauka, a soya a bakin gaɓa da dankali da albasa. Manyan matan kuwa, masu cikin ƙwai, sai ya zare musu ƙugiya a cikin ruwa ya sallame su. Akwai ranar da ya kamo wadda ya ce bai taɓa jin nauyin irinta ba, yana cikin janyo ta sai ga jirgin Ostlund, abokin hamayyarsa, ya ɓullo daga bayan tsibiri. Arvo ya sa haƙori ya gatse zaren, ya ɗaga wa Ostlund hannu yana hamma kamar wanda ya wuni bai samu komai ba. Ya yi mako guda ba ya cin abinci sosai, amma bai yi nadama ba.

Da ya kai saba'in da ɗaya sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Na lura ne ranar da ya zuba gishiri a gahawa ya shanye don kada in gane. Daga nan na sa shi gaba, kuma wannan shi ne rabona a cikin abin da ya faru, ba zan ɓoye ba. Kullum sai na ce masa idan ya daina ganin bishiyar fa, ko ya faɗi ya mutu, shi ke nan wahalar Baba ta bi ruwa? 'Yarsa ɗaya ce, Noreen, ita kuwa ko a bahon wanka jiri take ji. Saura mijinta, Dale Wickstrom, mai sayar da jirage a birni.

Dale ba mugu ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mutum ne mai fara'a, mai kyauta, yana kiran Arvo Baba tun kafin a ɗaura aure. Jirginsa yana ƙyalli kamar kayan amarya, da inji mai ƙarfin doki ɗari biyu da hamsin, da allunan na'ura har uku da ke nuna masa kowane tsinke a ƙasan ruwa. Arvo yakan ce wanda ke da wannan kaya ba kamun kifi yake yi ba, kallon talabijin yake yi a kan ruwa.

«Helmi, yaron nan ba ya kallon gaɓa,» in ji shi. «Ko hanyar gidansa sai waya ta gaya masa.»

«To ka kai kare mana, shi yana kallon gaɓa,» na ce. «Kana da wani surukin ne a ɓoye?»

Na yi wata biyu ina wannan mita kafin ya gaji. Wata safiya ta watan Yuni, iska tana kaɗawa daidai yadda yake so, ya ce wa Dale ya zo su fita, amma a tsohon jirgi, kuma kada ya ɗauko ko na'ura ɗaya. Dale ya yarda da murna. Ba wanda ya tuna da wayar da ke aljihunsa, har da ni mai yawan wayo.

Sun dawo da azahar da kifi huɗu. Dale sai washe baki yake yi, yana ba da labarin wata uwar kifi da suka saki. Arvo ya ɗaure jirgi, ya shigo shago, ya zauna a kujerarsa bai ce a zuba masa gahawa ba. Sai da Dale ya tafi sannan ya yi magana.

«Minti ashirin na yi ina kallon bishiyar. Har wuyana ya ƙage. Bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya.»

Na ce to ai sai ya sake kai shi, wataƙila a karo na biyu ya gane. Ya ce ba sai an sake ba, ya ji wayar ta yi ɗan ƙara lokacin da yaron ya danna ta.

A watan Satumba aka yi babbar gasar kamun kifi ta tafkinmu, wadda Arvo bai taɓa shiga ba a rayuwarsa. Dale ya shiga shi da wani abokinsa. Suka miƙe kai tsaye zuwa dutsen da rana tsaka, babu kewaye, babu ɓad da sawu, suka kafe a kai kwana biyu, jiragen masu ɗaukar hoto suna zagaye su. Suka ci gasar da tazarar da ba a taɓa gani ba. Na ga hoton Dale a jarida ya rungumo wata ƙatuwar macen wolai, cikinta ya yi nauyi, kuma na san sau nawa hannun yayana ya zare wa irinta ƙugiya ya mayar da ita ruwa. Dale ya rantse wa Noreen cewa mutum ɗaya kawai ya tura wa lambobin wurin da ya adana a wayarsa, wato abokin nan nasa. Na yarda da shi. Shi ma abokin mutum ɗaya ya tura wa.

Ranar buɗe kamun kifi ta watan Mayun da ya biyo baya, da la'asar, Arvo ya ce in rufe shago in raka shi. Ban taɓa rufe shago a irin wannan rana ba, amma na rufe. Muka tsaya daga nesa ya kashe inji, ya miƙo mini madubin hangen nesa ya ce in ƙirga masa, shi ba ya iya gani. Na ƙirga jirage talatin da ɗaya, gefe na gugar gefe, ana ta kiɗa, wani har yana gasa nama a cikin nasa. Na ce masa sha ɗaya ne.

«Tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba,» ya ce. «Idona ne ya mutu, ba kunnena ba.»

Bazara biyu aka yi ana wannan biki. Doka ta ƙayyade abin da kowane mutum zai ɗauka, kuma yawancinsu ba su karya ta ba, amma wuri mai faɗin falo ba ya ɗaukar jirage talatin kullum. A bazara ta uku sai jiragen suka fara raguwa, a ta huɗu ko ɗaya babu. Arvo ya daina kai baƙi, ya ce ba zai karɓi kuɗin mutum ya kai shi inda kowa ke kai kowa ba. Dale ya zo ba da haƙuri har da hawayensa, ya kawo masa kyautar sabuwar na'urar hango ƙasan ruwa, irin mai tsadar. Arvo ya yi masa godiya. Tana nan ƙarƙashin kantata har yau, ba a ko yage ledarta ba.

Ni kuwa bai taɓa ce mini komai ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi, don ina da amsa a shirye, na yi shekaru ina gyara ta. Amma kullum sai ya zo da safe, ya zauna a kujerarsa, ya riƙa ɗaura gashin barewa da lalube, ni kuma ina sayar wa mutane ƙugiyoyin nasa dala biyu-biyu. Haushin kaina nake ji duk safiya in na ji takunsa a bakin ƙofa.

Makon jiya wani baƙo ya shigo, matashi mai sabuwar hula, ya sayi matsattsaku. Da ya ga tsoho a zaune sai ya matsa kusa da shi ya kai masa waya daidai hanci, yana nuna masa taswirar tafkinmu. Na leƙa ta bayan kafaɗarsa. A tsakiyar shuɗin ruwan akwai ɗan jan ɗigo, an rubuta a ƙarƙashinsa: Dutsen Dale.

«Tsoho, ka san wurin nan? Jiya na wuni a kai, ko taɓi ban ji ba. Ina jin zuzuta shi kawai aka yi, dama can babu komai.»

Arvo bai daina naɗa zarensa ba. Ya tambaye shi me aka ce sunan wurin, baƙon ya sake karanta masa da ƙarfi, kamar yadda ake yi wa kurma.

«Ban taɓa jin sunan ba,» in ji Arvo.

Baƙon ya ɗauki ƙugiya biyu masu jan kai, ya ce zai gwada su ko don tarihi, ya biya ya fita. Can Arvo ya juya fuskarsa wajen taga ya tambaye ni ko bishiyar tsibiri tana nan tsaye. Na duba, na ce tana nan. Ya gyaɗa kai, ya laluba ya ɗauki kwalbar jan farcen.