Na Yafe, Duniya da Lahira

Shekarar da aka zaɓe ni cikin malaman firamaren da za a kai ƙasar waje kwas, kowa a ƙauyenmu na gefen Zakirai ya zama ɗan'uwana. Waɗanda da ƙyar suke amsa gaisuwata suka koma tsayar da babur suna tambayar lafiyar iyali. Ni kuwa har daɗi nake ji. Wanda bai taɓa wuce Kaduna ba aka ce zai hau jirgi, ai dole kansa ya kumbura.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, gonar mahaifina. Da ya rasu ina yaro, wansa, wato Baffa, ya karɓi rabinta aro, wai sai na girma. Na girma, na yi aure, furfura ta fara leƙowa, aro bai ƙare ba. A wajenmu ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, gona na jingine da gona, gamba kaɗai ke raba su. A cikin rabin nan ɗorawar Inna take. Da kalwarta take daddawa, da daddawar ta riƙe ni har na zama malami. Baffa na noma ƙasa, Inna na cin sama, haka aka zauna ana dariyar da ba ta wuce haƙori.

Da safiyar tafiya Inna ta cusa mini ƙullin daddawa a jaka, ta ce, "Ba a ƙetare ruwa da haƙƙin mutane a wuya. Je ka nemi gafarar Baffanka."

Na yi gunaguni, amma na je. Na tarar da zaurensa a share, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga liman, ga mai unguwa. Baffan da ko fura yake sha sai ya juya baya, yau shi ke raba goro. Da ina da wayo a nan zan tsargu, amma na ɗauka duk don ni aka yi.

Na durƙusa na ce, "Baffa, zan yi nisa. A yafe mini."

"Na yafe maka, ɗana." Sai ya sa hannun riga yana share ido. "Jirgi ba shi da reshen kamawa, rai kuma na Allah ne. Ni ma duk wani abu naka da ke wuyana, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

"Na yafe, Baffa."

"Ɗaga murya, kunnen Liman ya yi nauyi."

"Na yafe, duniya da lahira."

Aka shafa fatiha. Wallahi na fito zuciyata fes, har ina zargin kaina da mugun zato ga dattijo.

Babur ya kai ni Zakirai, na shiga mota muka bi ta Gezawa zuwa Kano. Bazara ce, rana kamar za ta dafa mutum, gonaki a share ana jiran ruwa. A tasha na samu motar Abuja, inda za mu kwana mu tashi washegari. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai da na san yadda na yi ya ji inda za ni.

Mun wuce Zariya waya ta yi ƙara. Matata ce, ta miƙa wa Inna wayar. Kafin in ji muryarta na ji kukan injin yankan itace a bayanta.

"Sun zo tun kafin azahar," in ji Inna. "Baffanka ya sayar musu da ɗorawar. Na yi magana, ya ce in tambayi liman abin da ka faɗa."

Masu inji ba sa faɗowa daga sama. Tun kafin ya shimfiɗa tabarmar nan ya gama ciniki da su. Nan take na kira shi.

"Baffa, laifi na yafe, ban yafe gona ba."

Ya yi dariya a hankali. "Haba Malam, kai da kake koya wa yara Hausa? Aro ba abu ne a wuya ba? Na roƙa a gaban shaidu, ka yafe har lahira. Ko za ka lashe amanka? Allah ya kiyaye hanya. In za ka dawo ka taho mini da turare mai kyau."

Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a kujerar nan ba. Na kira Inna na ce zan sauka in juyo.

"Ka juyo ka ɗaga ta?" ta ce. "Ta riga ta faɗi. Ni na aike ka, ni na kai ka bakinsa. Wuce ka yi abin da ya fitar da kai." Ta kashe wayar kafin in ji kukanta.

Zafi ya dafa jakar, warin daddawa ya cika motar. Wani mai babbar riga ya toshe hanci ya ce wane baƙauye ne ya ɗauko wannan, a jefar da ita mana.

Na jawo jakar kan cinyata na ce, "Yi haƙuri, Alhaji. Daga wannan babu wata."