Bokitin Ruwa a Gidan Alhaji Mamman

Jama'a, tun da ɗan Adam ya fara aza bulo kan bulo, ba a taɓa yanke hukuncin adalci irin wanda bokitin ruwa ya yanke yau a Dutsin-Ma ba!

Akwai wani Alhaji Mamman, wanda ya tashe ni daga gidansa tsakiyar damina don na ce ruwa na shiga ɗaki? Cewa ya yi bakina ne ke yoyo. To, ya jira rani, ya shafe gidan da fenti, ya sa shi a kasuwa. Yayata Hajiya Binta ta zo daga Kurfi za ta saya, tare da magininta Malam Iro. Ta ce in raka ta. Har turare na fesa!

Alhaji na ganina ya ce, "Malam, ai ka san gidan."

Na ce, "Na haddace shi, Alhaji."

Malam Iro ya fara ƙwanƙwasa bango. Na ce ya bar wahala, ya sheƙa ruwa a tsakar gida. Ya sheƙa bokiti guda. Ruwan ya dubi kwata, ya ƙi ta, ya miƙe ɗakin kwana ko sallama babu!

Alhaji ya ce, "Iska ce ta kora shi!"

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Alhaji, gida na zo saye, ba fadama ba."

Na dawo ina murmushi. Yanzu mai gidan da nake haya ya kira ni. Ya sayar da gidan jiya. Alhaji Mamman ne ya saya.